Tifar da Ta Kwanta a Bakin Kwari

Na sha jin ku, ke Rabi da 'yan'uwanki, kuna gaya wa jikokina cewa kakansu ya taɓa mallakar tifa, sai ya bar ta ta ruɓe a bayan gida saboda son ciyawa. Kuna faɗa kuna dariya, ni ma ina taya ku. To amma labarin ya fi haka tsawo, kuma akwai rabon mahaifiyarku a cikinsa wanda ba a taɓa ba ta ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, tun ina da sauran ido.

Gidan nan namu na Badarawa, kafin ya zama gida, wurin ɗiban marmara ne, kuma ina cikin waɗanda suka ɗiba. Lokacin da ake ta shimfiɗa tituna a wannan ɓangare na Kaduna ina tuƙa tifar wani ɗan kwangila. Katafila za ta kankare baƙar ƙasar sama ta ture, mu kuma mu yi layi ana loda mana jar da ke ƙasa. Da aiki ya ƙare aka watse, sai aka bar fili ja wur, mai tauri kamar daɓe, ko akuya ba ta tsayawa a kansa. Bayan 'yan shekaru Allah ya hore mini tawa tifar, tsohuwa ce amma tana tashi, sai na nemi fili a nan tunda ba mai so, na yi gini muka tare. Abin da ban lura da shi ba shi ne, duk ruwan unguwar sama ta bayan gidan yake gangarowa ya nufi kogi. A damina ta farko ya yi 'yar hanya wadda yaro zai tsallake. A ta biyu sai babba ya ja da baya kafin ya yi tsalle. Kafin mu farga ya zama kwari mai zurfi, kowace damina yana gutsurar gaɓa yana matsowa wajen katangar ɗakin mahaifiyarku, inda ku ma kuke kwana kuna ƙanana.

Ni kuwa direban tifa ne, abu ɗaya na sani game da ƙasa: in ta yi rami a juye mata lodi. Duk rani sai in kwaso marmara da ɓaraguzan gini in juye a bakin kwarin, in bi ta kai da mota, gaba da baya, har ya daddale, in sauko ina kaɗe hannu. Ruwan farko na kirki zai kwashe shi ya kai kogi, ya haɗa da wani yanki na gaɓar. Sannan ina da wata ɗabi'a irin tamu ta masu mota. In aka yi wa tifa juyen mai ba na zubar da baƙin man, sai in tara a jarka, duk inda na ga ɗan kore ya leƙo a bayan gida in tsiyaya masa. A tashar Kawo haka kowa yake yi a gaban rumfarsa, wai yana kashe ciyawa yana korar maciji. Ga shi zamanin sharar ƙarshen wata ne, soja na mulki, gidan da aka ga ciyawa a jikinsa ya ji kunya. Ni har alfahari nake yi cewa a bayan gidana ko allura ce ta faɗi za a gan ta.

Mahaifiyarku Hajara daga wani ƙauye ta fito a wajen Giwa, kuma da awakinta ta zo. Duk lokacin da ta ga na ɗauko jarka sai ta biyo ni.

"Malam, don Allah ka bar mini ɗan kiri-kirin nan, awaki su samu abin taɓawa."

"Nan birni ne, ba gonar babanki ba."

"To, ɗan birni."

Iyakar abin da take cewa ke nan, ta koma ciki. Na kira ta baƙauya ba sau ɗaya ba, kuma a gabanku. Wannan ban kyauta ba, na kuma gaya mata tun tuni. Don in nuna mata ni ma na san shuka, har dashen mangwaro na sayo, na sa aka fasa marmara da diga, na dasa a bakin kwarin ina ba su ruwa da bokiti. Suka tsaya kamar an soka sanduna, suka bushe. Na sake dasawa wata shekara, suka sake bushewa. Na ce mai dashen ne ya cuce ni.

Sai shekarun nan suka zo da komai ya yi tsada, kayan gyaran mota suka ɓace a kasuwa. Wata rana ina dawowa daga ɗiban yashi injin ya buga a daidai kwanar unguwa. Da ƙyar aka turo ta aka ajiye a bayan gida, a bakin kwarin, inda na saba ajiye ta. Na kira Garba, bakanikena, wani Basakkwace mai baki da ke da gareji a Kawo. Ya buɗe, ya leƙa, ya daɗe yana leƙe, sannan ya goge hannu a riga.

"Mamman, wagga mota ta gaji. Sai an sake injin gaba ɗai."

"A ina za a samu?"

"In ka ji inda aka saida shi, ka hwaɗa min, ni ma in tahi in yi kallo."

Muka ɗora ta a kan duwatsu, muka cire tayoyin muka jingine a gefe, na ce zuwa bayan salla. Na koma tuƙa bas ɗin wani mutum, Kawo zuwa Zariya, in fita tun da sassafe in dawo a gajiye. Ba ni da lodin da zan juye, ba ni da baƙin mai, ba ni ma da lokacin leƙa bayan gida. Wannan shi ne alheri mafi girma da na taɓa yi wa ƙasar nan, kuma ban yi shi da niyya ba.

Abin da ya fara faruwa mahaifiyarku ce ta gani, ni daga baya ta ba ni labari. Bodin tifar yana tara ruwan sama, yana ɗiga ta wata ɓula a hankali har bayan an ɗauke ruwa, ƙarƙashin motar kuma inuwa ce. A wurin ɗigar nan gansakuka ta fara fitowa, kore shar kamar an shafa da hannu. Awaki suka mai da ƙarƙashin motar wurin hutawarsu, suna zuba kashi. Ruwan da ke gangarowa daga sama kuwa, in ya zo ya daki duwatsu da tayoyin nan sai ya rage gudu, ya ajiye 'yar laka da ganyayyakin da ya kwaso. A kan wannan laka kiri-kiri ya kama, yana rarrafe, duk inda ya taɓa ƙasa ya kafa saiwa. Da damina ta zagayo sai ga tafasa da rai-ɗore sun taso a tsakaninsa. Ba wanda ya shuka su. Awaki ne suka kawo irin a cikinsu daga yawon kiwo.

Wata Juma'a bas ɗin yana gareji, na wuni a gida, sai aka kawo mini kwaɗon tafasa ya sha ƙuli-ƙuli. Na cinye na suɗe kwano.

"Wa ya zo daga Giwa?"

"Ba wanda ya zo."

"To ina kika samu tafasa sabuwa haka?"

"A gonar ɗan birni."

Na tashi na zagaya baya. Na tarar da motata a tsaye cikin ganye har gwiwa. Raina ya ɓaci, na ce a miƙo mini fartanya. Mahaifiyarku ta kawo da kanta, amma ba ta sakar mini ba.

"Malam, kafin ka sare, zo ka ga wani abu."

Ta kai ni bakin gaɓa ta nuna mini wani turken awaki.

"Bara na kafa shi a nan, ina cewa ruwa zai tafi da shi. Ga shi yana nan. Dubi can kuma."

Can ɗin da ta nuna shi ne gefen da na fi zuba wa baƙin mai. Wurin yana nan baƙi, fayau, kuma gaɓar ta zube ta ci gaba da matsowa. Gefen motar kuwa ko taki ɗaya bai ragu ba. Ta tsuguna ta cusa yatsu a gindin tafasa, ta ɗebo ƙasa ta zuba mini a tafi. Baƙa-baƙa ce, da sanyi, har da 'yar tana tana motsi a ciki. Ni na san wurin nan, diga ma tsalle take yi a kansa. Na daɗe ina murza ƙasar nan. Daga baya na bar mata fartanyar na ce ko da sauran kwaɗon.

Kada ku ɗauka ita ma ta san abin da zai biyo baya. Ita dai abincin awakinta da ganyen miyarta take karewa, sauran tare muka gani. Maƙwabta sun yi surutu, har duba-gari ya zo da hularsa da sandarsa ya ce wannan daji na wane ne. Muka nuna masa gaɓar nan biyu, ta ciyawa da ta baƙin mai. Mutumin kirki ne, ya duba ya sake dubawa, ya ce a riƙa nome jikin katanga saboda maciji da sauro, a fitar da hanya, sauran kuma shi bai gani ba. Haka muka yi.

Daga nan kowace damina da baƙonta. Tafasa da rai-ɗore in rani ya yi sai su bushe su zube a wurin, ƙasar ta ƙara kauri. Sai kyasuwa ta shigo, doguwa mai jan kai, iska ce ta kawo ta, ta rufe tayoyin gaba ɗaya. Bayanta gamba ta kafa gindi, ita kuwa ba ta mutuwa da rani, samanta kawai ke bushewa, saiwarta na nan riƙe da ƙasa kamar an ɗaure da igiya. Da gamba ta yi ƙarfi sai tafasa ta fara ja da baya, tana komawa gefe-gefe inda ƙasa ke da sauran ja. Tafasar ce ma ta fara taka wurin baƙin man nan, bayan ruwa ya daɗe yana wanke shi yana zuba masa laka. Mahaifiyarku ta ji haushin wannan ƙaura.

"Ka ga rashin kunya? Ni na yi mata faɗa da kai, yanzu sai na yi tafiya kafin in tsinko ta."

"Ai ta gama aikinta a nan, an tura ta gaba."

"Kai ka sani, ni miyata nake ji."

Sannan itatuwa suka zo. Kalgo ne ya fara, da zurma, a tsakanin gindin gamba inda danshi ke daɗewa. Tsuntsaye sun mai da saman tifar wurin zama, suna cin 'ya'yan darbejiya a unguwa su zo su zubar da ƙwallon a nan, sai ga 'yan darbejiya sun jeru a gefen motar kamar an auna. Ɓaure kuma jemagu ne suka kawo shi, ya tsiro a daidai bayan motar, tsakaninta da gaɓa, ya yi saurin girma har ya ba ni mamaki. Cikin bodin ma ƙura da ganye sun taru sun zama ƙasa, nan ma aka sake irin wannan layi daga farko, gansakuka, sai ƙananan ciyayi, kamar ana maimaita mini karatu don na yi jinkirin ganewa. Da inuwar ɓaure da darbejiya ta yi faɗi, kyasuwa ta ɓace daga ƙarƙashinsu, ita ma ta koma inda rana take. A cikin inuwar nan ne wata rana na ga ganye ja mai sheƙi ya fito. Mangwaro ne. Ɗayanku ne ya sha ya jefar da ƙwallon. Ba diga, ba bokiti, ga shi ya tsaya da ƙafarsa a wurin da nawa suka mutu.

Ranar ce na gane kuskurena, kuma da hankalin direba na gane shi. Mota mai lodi ba a tashinta da babbar giya. Da ta ɗaya ake farawa, mai ƙara da jinkiri, ita za ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku. Ni na zo kan ƙasar da muka kankare har ƙashi na saka mata mangwaro, ga shi duk lokacin da ta yi ƙoƙarin tashi da 'yar giyarta ta farko sai in bi ta da baƙin mai in kashe.

Ana nan, shekaru sun ja, kun fara girma, sai ga Garba wata safiya a farkon damina, ko sallama bai gama ba.

"Mamman, tashi! An samu injin. Na hannu ne, daga Ikko, kamar don motarka anka yi shi. Kuma akwai aikin hanya da za a hwara, tifa suka nema ido ruhe."

Ba zan ɓoye muku ba, na yi murna ƙwarai. Na gaji da tuƙa motar wani, na gaji da a kira ni direban wane. Muka zagaya baya da Garba ya duba yadda za a fitar da ita. Ya ce dole janwe ta shigo ta bakin kwarin ta ja ta zuwa gareji, don ba wata hanyar. Kafin janwe ta shigo kuwa sai an sare kalgo da darbejiya, an tuge gamba, an kuma sare ɓauren, domin saiwarsa ta riga ta naɗe ƙarfen tayar baya. Na dubi kwarin. Yana nan da zurfinsa, ya dai daina matsowa ne, kuma tsakanin bakinsa da katangar ɗakinku bai fi tsawon tabarma biyu ba. Na ce a raina in na samu mota ai sai in cike shi da lodi. Kun ji, bayan duk abin da na gani, tunanin da ya fara zo mini ke nan. Na ce wa Garba ya kawo janwe da masu gatari ranar Asabar.

Na gaya wa mahaifiyarku ina jiran faɗa. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Motarka ce, Malam. Allah ya sa alheri."

Da ta yi faɗa da na samu abin riƙewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci hadari ya haɗu, aka sako ruwa irin wanda ba a ganin gidan maƙwabci. Ni kullum ruwa a hanya yake samuna, ban taɓa tsayawa na ga abin da yake yi a bayan gidana ba. Ranar na yafa buhu na tsaya a jikin katanga. Ruwa ya taho daga unguwar sama, ja, da ƙara, ɗauke da gwangwanaye da tsummoki. Ya shigo cikin gamba sai ta kwanta masa, ya bi ta kanta ya rarrabu, ya shiga tsakanin kalgo da darbejiya yana neman hanya, kafin ya kai bakin gaɓa ya zama kamar wanda aka zubar daga baho. Ya sauka cikin kwarin ta kan saiwoyin ɓaure, ko ƙasa cikin cokali bai ɗauka ba. Ina tsaye sai na ji wani rugugi daga ƙasa da mu. Gaɓar wani maƙwabcinmu ce, wanda ke share tasa tas kamar yadda nake yi a da, ta zube ta tafi da katangar makewayinsa. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Na juya na dubi tagar ɗakinku, na ga kawunanku a jere kuna kallon ruwa kuna ihun murna, ba wanda ya san akwai abin tsoro.

Washegari Garba ya iso da janwe da mutanensa, kowa da gatari a kafaɗa. Na tare su a bakin hanya.

"Garba, a mayar da janwe."

"Mi kac ce?"

"Na fasa. Ba za a sare ba."

"Mamman, lahiyarka ƙalau? Injin na gareji, aiki na jira, kai kuma ka tsaya gadin haki? Wanga abu akuya ka ci fa!"

"Shi yake riƙe da ɗakin 'ya'yana."

Ya zagaya ya leƙa kwarin, ya hango katangar maƙwabcin a kwance a ciki, ya dawo ya cire hula ya sosa kai.

"To ni dai tunda nike ban taɓa ganin wanda icce ya ƙwace ma mota ba, sai kai. Wallahi sai na ba da labarinka a Kawo."

Ya kuwa bayar. Shekara da shekaru in na shiga tasha sai an tambaye ni ya gona, ya yabanya. Abin da hannu zai iya kwancewa daga jikin motar, giya da gilasai da fitilu, Garba ya kwance aka fitar ta zaure aka sayar, sauran muka bar wa ɓaure. Injin kuwa wani ne ya saya, ya yi aikin hanyar, ya ƙara mota a kan mota. Ni ban sake mallakar ko keke mai inji ba, motar mutane na tuƙa har idona ya gaza. Akwai ranakun da abin ya yi mini ciwo, musamman in tifa ta wuce ni a hanya da lodi. Amma ko sau ɗaya ban sake kwana ina sauraron ruwa da fargaba ba, kuma ɗakin nan da kuka girma a ciki, a cikinsa mahaifiyarku take kwana har yau, katangarsa ko tsagewa ba ta yi ba.

Ranar, bayan janwe ta juya ta tafi, na dawo na zauna a kan tsohuwar taya a gindin ɓauren. Mahaifiyarku ta fito da kwanon fura ta ajiye a gabana, ta tsaya.

"Na ɗauka za ka sare."

"Ni ma haka na ɗauka."

Sai na ga tana danne dariya da bakin mayafi.

"Mene ne kuma?"

"Dama tun ranar da Garba ya zo nake neman yadda zan gaya maka. Kazata tana kwanci a kujerar direba."

Na tashi na buɗe ƙofar motar a hankali. Ga ta nan kuwa a bayan sitiyari, ta baje fukafukai, ta kalle ni da ido ɗaya ta yi mini tsawa. Na ce mata ta yi haƙuri, na rufe ƙofar.